In Za Ki Tsibiran Yawuri, Ga Guzuri

'Yan'uwana mata, mu mazauna Jakara ruwan da muka sani shi ne wanda ya bi ta gefen Kasuwar Kurmi ya nufi Wasai, sai kuwa kududdufan damina. Don haka in ɗayarmu ta ga babban ruwa, ko dai tsoro ya kama ta, ko ɗoki ya ɗebe ta. Duka biyun kuwa ba su da amfani ga matafiyi.

Teku da nisa take, amma ba sai kin je Ikko za ki ga tsibiri ba. Ni a ƙasar Yawuri na gani, cikin Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ya buɗe ya zama tafkin Kainji. Can tsibiri sunansa gungu, shi ya sa ake ce wa mutanensa Gungawa, su kuwa Reshe suke kiran kansu. Manoman albasa ne ƙwarai. Maƙwabtansu Sarkawa su ne masunta. Sa'ad da aka gama madatsar Kainji cikin 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne aikin matansu. Miji ya kawo tarwaɗa da karfasa, mace ce za ta feɗe, ta wanke, ta yini gaban banda cikin hayaƙi, kana ta loda a kwando ta kai kasuwar Yelwa. Tun daga ran nan ban ƙara taya bandar kifi tayin wulaƙanci ba.

To, ga abin da na koya a wurinsu. Su da aka haifa a bakin ruwa sun fi mu jin tsoronsa. In hadari ya taso, ba su tashi. In jirgi ya cika, sai su jira na baya. Ke ma ki yi haka, ko da mai jirgi zai ce saura mutum ɗaya. Kada ki shiga da almuru. In akwai rigar ruwa, ki sa, ki sa wa yara, ba abin kunya ba ne. In kin zauna kada ki miƙe sai an kai gaci.

Kada ki ce na cika tsoro. Cikin watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara da mutane masu yawa. A watan Nuwamba na shekarar, nan Bagwai kusa da mu, wani ya kife a ruwan Watari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Duka biyun lodi ne ya yi yawa.

Ki je ki buɗe ido, 'yar'uwa, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma ki gai da matan gungu da ladabi, ki bi abin da suka ce game da ruwansu. Allah Ya kai ki lafiya, Ya komo da ke lafiya, amin.