Ciwon Sikila: Laifin Uwa Ne?



Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Wata rana, a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi, wani magidanci cikin ɗalibaina ya tsaya bayan an tashi daga karatu. Ya ce: "Malam, zan saki matata. Ƴaƴanmu biyu kullum suna kwance da ciwon ƙashi. Likita ya ce sikila ce. Ni lafiyata lau, ka ga daga wajenta ne." Na ce: "Ita tana ciwon?" Ya ce a'a.

Abin da na gaya masa shi zan gaya maka. Duk abin da yaro ya gada a jikinsa, iri biyu ne: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani iri yana da rinjaye, wani kuma ɓuya yake yi. Wani Bature mai suna Mendel ya bayyana wannan a 1865. Ya haɗa dogon wake da gajere, duka suka fito dogaye. Da ya shuka ƴaƴansu, sai ga gajere ya dawo, kusan ɗaya cikin huɗu. Ashe bai ɓace ba, laɓewa ya yi.

Haka sikila take. Irin jini mai lafiya ana ce masa A, na ciwon kuma S. Mai AS yana noma, yana harkarsa, bai san yana ɗauke da komi ba, don A ya rinjayi S. Ciwon yana fitowa ne in yaro ya samu S daga uwa, ya samu S daga uba. In miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ba layi ake bi ba, ana iya samun biyu a jere.

Mutumin nan ya yarda aka auna jininsu. Shi AS, ita ma AS. Bai sake ta ba. Yanzu yaran suna kwana cikin gidan sauro, suna shan ruwa da yawa, ana rufe su lokacin ɗari, ana kai su likita da wuri.

Kai kuma, in za ka aurar da ɗa ko ɗiya, a je a auna jini kafin a kai sadaki. Rigakafi ya fi magani.