Ali, Norton da Tambayar Malam

A gidanmu, Muhammad Ali ɗan'uwa ne kafin ya zama ɗan dambe. Shi ya sa jikina ya yi sanyi ranar da na kalli tsohon faifan karawarsa ta uku da Ken Norton, wadda aka yi a Amurka a 1976. Turmi 15 suka yi. Alƙalai uku duka suka ba Ali, biyunsu da ratar turmi ɗaya tak, alhali a idona Norton ne ya ci.

Na ce wa mahaifina, ai gara da kambun ya tsaya a hannun Musulmi. Malam ya ajiye carbinsa, ya dube ni: "Da kai ne alƙalin, haka za ka rubuta?"

Har ya tashi alwalar Magariba ban ba shi amsa ba.