Daga Gaya zuwa Ajingi: Na bi sawun ledar maganin Gwaggo

A ƙarshen kowane wata, da zarar albashi ya shigo, akwai hidimar da nake gabatarwa kafin kowace. Nakan shiga kantin magani a Kano in sayi ƙwayoyin hawan jini na wata guda, in ƙulle su a leda, in rubuta lambar waya a jikin takarda, in kai tasha. Maganin na ƙanwar mahaifina ne, wadda ke zaune a wani ƙauye can gaba da garin Ajingi, kusa da iyakar Kano da Jigawa. Shekara 4 muna haka, ban taɓa tambayar kaina hannu nawa ledar ke ratsawa kafin ta isa ba. Ni dai in na miƙa wa direba, na ba shi na goro, sai in ji na sauke nauyi.

A daminar bara aka kira ni da asuba aka ce Gwaggo ta yanke jiki ta faɗi a madafi. Allah Ya taƙaita, ta farfaɗo ba tare da ɓarin jikinta ya shanye ba. Da aka bincika, ashe kwana 9 ta yi ba ta sha magani ba, alhali tun farkon wata na aika. Wannan ne ya sa da na sami hutu na ƙudurta zan bi ledar nan da ƙafata, in shiga motar da take shiga, in sauka inda take sauka.

Ranar Juma'a na tashi, ranar da kasuwar shanu ta Wudil ke ci, don haka sai da muka sha cunkoso kafin mu haye gada. Daga Wudil muka miƙa Gaya. Ɗan Kano duk da ya san tarihinsa yakan shiga garin nan da girmamawa, domin masana tarihi sun ruwaito cewa daga Gaya maƙeran nan Abagayawa suka fito neman tama har suka yada zango a gindin Dala. A shekarar 2019 aka ba Gaya masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe ta a 2024, sannan a cikin shekarar aka dawo da ita da daraja ta biyu, tana ƙunshe da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu. An sha muhawara a kan wannan a jaridu da gidajen rediyo. Abin da ban taɓa jin an yi muhawara a kansa ba shi ne yadda tsohuwar da ke ƙarshen masarautar za ta sami maganin da likita ya ce kada ta kuskura ta tsallake ko da kwana ɗaya.

Na kwana a Gaya wurin wani tsohon ɗalibina. Ranar Litinin da safe ya raka ni bakin Babban Asibitin garin, inda aka fara rubuta wa Gwaggo maganinta. Tun kafin rana ta ɗaga babura ke sauke mutane daga ƙauyuka, kowa riƙe da katinsa a cikin leda don kada gumi ya jiƙa shi. Na zauna kusa da wani dattijo da ya fito daga wajen Kademi, mai fama da ciwon suga. Bayan mun gaisa na tambaye shi yadda yake yi da zirga-zirgar wata-wata.

Ya ce, “Malam, ai maganin ba shi ne mai tsadar ba. Kuɗin babur zuwa da dawowa, da na yaron da zai riƙe ni, da yinin da gona za ta yi babu kowa, su ne ciwon. In damina ta kankama, sai in ce wa sugan ya yi haƙuri sai kaka.”

Ya faɗa yana dariya, amma ni jikina ya yi sanyi. Zazzaɓi baƙo ne, ana yi masa hidimar kwana uku ya tafi. Hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya da asma da sikila kuwa 'yan gida ne, sai dai a zauna da su har ƙarshen rayuwa. Mai irin wannan ciwo sau 12 yake biyan kuɗin nisa a shekara. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin abin hawa ya yi tashin gwauron zabi, shi ma maganin ya bi sahu bayan faɗuwar darajar Naira. A birni wannan na nufin a rage cefane. A ƙauye yana nufin a daina shan magani.

A tashar Gaya na gano hanyar da ledata ke bi. Direban da na ba wa a Kano yakan miƙa ta ga ɗan kamasho, shi kuma ya ba motar Ajingi in ta cika. A Ajingi akan ajiye ta a shagon wani mai tireda, har sai an sami ɗan acaɓan da zai nufi wajen su Gwaggo. Hannu biyar ke nan, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya san abin da ke cikin ƙullin. A makon da Gwaggo ta faɗi, ruwa ya cinye wani kwari da ke kan hanyarsu, ɗan acaɓan da ya saba bai sami wucewa ba, ledar ta yi kwanaki a kan kanta, ƙarƙashin rufin kwano mai zafi, tsakanin sabulu da ashana. Na so in yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Babu wanda ya ci amana. Kowa alfarma ya yi mini, kuma wanda ya yi maka alfarma ba ka tuhumarsa da jinkiri.

Daga Ajingi na hau babur. Kwalta ta ƙare, muka shiga burji, burji ya ƙare muka faɗa rairayi, inda sau biyu sai da na sauka muka tura. Gero ya yi kai a dama da hagu, ga gyaɗa ta shimfiɗu, ga kukoki jefi-jefi. Ƙasa ce mai albarka, wadda hatsinta ke isa kasuwannin birni ba tare da wata hukuma ta tsara masa hanya ba. Ina bayan babur ina tunanin yadda buhun gero ya san hanyar fita, ƙwayar magani kuwa ta kasa sanin hanyar shiga.

Na tarar da Gwaggo a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa da ruwan randa, na ce, “Gwaggo, da maganin ya yanke me ya hana a kira ni?”

Ta ce, “Kai ɗan nan, kullum sai in yi ta damunka? Da na ga ya kusa ƙarewa ai rabi-rabi na dinga sha don ya kai ni. Da ya ƙare kuma kaina ba ya ciwo, sai na ce ai na warke.”

Wannan ita ce mugun halin hawan jini: sau da yawa ba ya ba da alama, sai ranar da zai kayar da mutum. Kafin la'asar labari ya zaga cewa “Dakta” ya zo. Na yi ta bayanin cewa digirina na uku ba na aikin likita ba ne, amma ina, zaure ya cika da masu kwalayen magani. A nan na ga abin da ya fi tsoratar da ni. A ƙauye, tsohon kwali shi ne takardar likita. In magani ya ƙare sai a ba yaro kwalin ya kai wa mai kemis ya ce a ba shi irinsa, alhali lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da irin waɗannan magunguna ba. Wani dattijo ya nuna mini fallaye biyu masu launi daban-daban, ɗaya ɗansa ya aiko daga Legas, ɗaya ya saya da kansa, yana shan su tare. Da na karanta ƙananan rubutun, sai na ga magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Wata baiwar Allah kuma shekara 3 rabon da a auna jininta, tana nan a kan adadin da aka rubuta mata tun farko. Abin da kawai na iya yi shi ne in roƙe su su kai kwalayen asibiti a duba.

Akwai kuma wanda ke allurar insulin, wadda ba ta son zafi, a garin da babu wutar lantarki balle firji. Shi a cikin jiƙaƙƙen yashi yake ajiye kwalbarsa, kusa da randa. Ya tuna mini da Malam Muhammad Bah Abba, malamin nan na Jigawa wanda dabararsa ta sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mutanenmu ba su rasa dabara ba, tsarin da zai tallafi dabarar suka rasa.

Da zan fita daga gidan, idona ya faɗa kan ƙyauren zaure, inda aka yi rubutu da alli: lambobi da alamomin masu allurar rigakafin shan inna. Kowane gida a layin yana da nasa. Na tsaya ina kallo, domin wannan alli shaida ce cewa hukuma ta san hanyar gidan Gwaggo. Ta zo ƙofar nan sau da yawa, da rani da damina, har aka kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020. Haka kuma duk damina ana bi gida-gida, wata-wata, ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Idan ana iya kai wa jika magani har ɗaki, me zai hana a kai wa kaka?

Wasu ƙasashen sun riga sun amsa wannan tambaya. A lardin Tete na Mozambik, tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta haɗa masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki ƙungiya-ƙungiya, mutum har shida, kowane wata ɗaya ya je asibiti a duba shi, ya karɓo wa sauran nasu. Kuɗin mota ɗaya, magani na mutum shida. A Afirka ta Kudu, tun 2014 gwamnati ke ƙunshe maganin masu daɗaɗɗen ciwo da sunan kowa, ta aika shi wurin karɓa mafi kusa da gidansa. Nan maƙwabciyarmu Kaduna, a 2022 kamfanin Zipline ya fara kai magunguna asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa, kamar yadda ya fara a Ruwanda a 2016. Jirgin abin sha'awa ne, amma shi ma a asibiti yake sauke kaya. Tsakanin asibiti da gindin darbejiya, har yanzu mutum ake buƙata.

Kano ba daga tushe za ta fara ba. Tana da hukumar samar da magunguna da kayayyakin asibiti, tana da Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, tana kuma cin gajiyar asusun kula da lafiya a matakin farko wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa. Ita da Ogun ne jihohin da aka fara shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitoci a 2020. A 2024 an tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro don a toshe ƙofar jabu. Duk wannan gyaran bakin rijiya ne. Saura igiyar da za ta kai guga.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. A buɗe rajistar masu daɗaɗɗen ciwo a ƙaramin asibitin kowace mazaɓa, daga Toranke zuwa Balare, daga Shagogo zuwa Gamarya, da taimakon dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowa. Wanda likita ya tabbatar ciwonsa ya daidaita, a ba shi maganin wata 3 a lokaci guda, musamman kafin ruwa ya sauka. Maƙwabta su haɗu su riƙa karɓa bi-da-bi. Tsofaffin da ba sa iya hawa babur kuwa, a ɗora wa wani malamin asibiti sananne alhakin kai musu, a ba shi mai da alawus, ya tafi da na'urar awon jini a jakarsa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin kai magani gida ba tare da awo ba, tsohon kwalin nan ne aka sauya wa riga. Wanda ya kai, shi zai auna, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ya rubuta, ya kuma san ranar da dole a koma wurin likita.

Mu ma 'ya'yan da ke birni muna da namu laifin, kuma ni ne na farko. Shekara 4 ina aika leda ina ganin na cika ɗa, ban taɓa tambayar ko ana sha yadda aka ce ba. Kafin in dawo na kai Gwaggo aka sake duba ta, na sayi na'urar awo na bar wa jikanta da ke sakandare, na kuma roƙi wani malamin asibiti da ke kusa ya riƙa leƙa ta. Yanzu maganin wata 3 nake kaiwa da hannuna. Amma Gwaggo tana da ɗa mai albashi a Kano. Mafi yawan waɗanda suka cika zauren nan da kwalayensu ba su da kowa sai Allah, sai kuma hukumar da suka zaɓa.

Damina na nan tafe, kwarin nan zai sake cika. Ina fata kafin lokacin shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da Mai Martaba Sarkin Gaya, da Ma'aikatar Lafiya ta jiha za su zauna a kan wannan batu, ko da a mazaɓa ɗaya a fara gwadawa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon tunawa da na ƙarshen hanya.