Wata biyar motar Alhaji tana kwance a garajinmu

Masu bin hanyar garajinmu a nan Maraɗi sun daɗe suna tambayarmu labarin jar motar nan mai kama da kwaɗo, wadda muka lulluɓe da tamfol tun kafin azumi. Wasu har cewa suke ta mutu ke nan. To ga yadda aka yi, daga bakin mu da muka kwana da ita.

Audi R8 ce, ƙirar 2008. Mutum biyu kawai take ɗauka, injinta kuma a bayan direba yake: silinda 8, lita 4.2, ƙarfin doki 420. Wani Alhaji ne da muka daɗe muna gyara wa manyan motocinsa ya sayo ta na hannu. Ranar da aka kawo ta a bayan babbar mota, tana tashi amma sai karkarwa da baƙin hayaƙi. Muka sa kwamfuta, ta nuna silinda biyu ba su cin wuta daidai. Muka canza buji, muka canza bobin, shiru. Da muka zaro sandar man inji muka shinshina, sai warin esans. Nan muka san anjakter ne, abin da abokan aikinmu na Kano ke kira nozul.

Ga wanda bai sani ba, shi ne ɗan bakin da ke fesa mai domin inji ya ƙona. A Corolla da Starlet da muka saba da su, yana fesawa ne a maƙogwaron iska, da ƙarfin bar 3 ko 4. A wannan kuwa kai tsaye yake fesawa cikin silinda, da ƙarfin da ya wuce bar 100, ta ramukan da ido ba ya gani sosai. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa. In yana yoyo, esans ya wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka man inji. In kuma ya toshe yana ba da kaɗan, zafi ya yi yawa har fistan ya narke. Motar da masu ƙera ta suka ce a ba ta mai lamba 98, sai ga shi yaran gida suna ɗura mata na kwalba a bakin titi, sannan a ajiye ta wata uku ba a tayar ba. Ai dole.

Alhaji ya tambayi kuɗin sababbi guda 8, muka bincika muka faɗa masa. Bai yi ciniki ba, ya ƙirgo ya ba mu, ya ce: "Malam, amana ce. Akwai mai saye a Yamai yana jira."

Muka fara da kusa. A Maraɗi da Damagaram ba wanda ya taɓa riƙe irinsa. A Yamai wani ya ce mu dawo bayan kwana biyu, har yau kwana biyun ba su cika ba. Muka tura yaro Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon a aljihu, aka yi ta juya shi a hannu ana kawo masa na wasu motoci ana cewa "ai duk ɗaya ne". Daga Ladipo a Legas aka turo mana hotuna, na hannu ne da aka ciro daga injin da ba wanda ya san tarihinsa. A da da mun ce a duba mana Kotonu, amma tun 2023 da aka rufe iyaka da Benin, kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuma wanda ke jiran kwantena ya san abin da hakan ke nufi.

Ana cikin haka wani ya haɗa mu da wani dillali a Dubai ta WhatsApp. Ya turo hoton guda 8 a kwali, sababbi fil, da tambari da komai, kuɗinsu bai kai rabin abin da Alhaji ya ba mu ba. A nan ne muka yi kuskure, kuma ba za mu ɓoye ba. Mun san arha irin wannan ba ta da kyau. Amma muka zauna mu uku muka yi lissafin abin da zai rage, muka ce da shi za mu gyara rufin garaji kafin damina, Alhaji kuma ba sai ya ji ba. Muka tura kuɗi.

Bayan sati uku wani ɗan kasuwa ya taho mana da su a jakarsa. Aikin sa su ba wasa ba ne, sai an ɗage duk maƙogwaron iska kafin a kai gare su. Da muka ɗage ma mun tarar da baƙin gawayi ya daskare a kan bawul, ciwon irin waɗannan injina ke nan, tunda mai ba ya bi ta wurin balle ya wanke. Kwana biyu muna kankarewa. Muka haɗa, muka tayar. Minti goma tana kuka mai daɗi, yara har da tafi. Sai ta fara tari, hayaƙi ya turnuƙe garaji. Allah ya taimake mu maigidanmu yana kusa da makulli ya kashe. Da muka zare buji, na silinda ɗaya a jiƙe yake sharkaf. Jabu ne. Muka kira dillali, lamba ba ta shiga.

Kwana huɗu muna ganin kiran Alhaji muna kasa ɗauka. A na biyar maigida ya sa babbar riga, muka bi shi har gida bayan la'asar, ya faɗi komai, har da maganar rufi. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce: "Da kun ce mini rufi kuke so, Malam, ai da na yi muku." Wallahi da zagi ya yi da ya fi mana sauƙi. Bai ƙara ko dala ba, mu ma ba mu nema ba. Mai sayen Yamai kuwa tuni ya janye.

Sai muka koma inda ya kamata mu fara. Muka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17, da lambar da ke jikin tsohon anjakter, muka tura wa wani ɗan ƙanwar maigida da ke karatu a Jamus. Ya je wurin dillalin kamfanin da kansa, aka duba a kwamfuta, aka ba shi wanda ya dace da wannan injin. Shi ne ma ya tuna mana da zoben teflon da ke bakin kowane ɗaya, wanda ba a maimaita shi in an cire, da ɗan ƙarfen da ake matse shi da shi. Aka turo ta jirgi zuwa Yamai, muka biya duwan. Kuɗin duka daga aljihunmu: maigida ya sayar da babur ɗinsa, mu biyu muka bar rabonmu na wata biyu.

Wannan karon mun sauke tanki mun wanke, mun canza matatar mai, mun zubar da man inji sau biyu. Juma'ar da ta wuce ta tashi, kuma har yanzu kwamfuta ba ta nuna komai ba. Alhaji ya zo da kansa, ya zagaya da ita sau ɗaya, a hankali saboda tudun kwalta na cin cikinta, ya dawo ya miƙa wa maigida makullin wata tirelarsa da ke son gyaran birki.

Jabun nan guda 8 suna cikin gwangwanin madara a kan kanta, duk mai son ganin yadda suke kama da na gaske ya biyo ya gani. Rufin kuma yana nan yana yoyo ta gefen gabas.