Biyar da uku nawa ne? Ya danganta da wanda ka tambaya

Jama'a, tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don koya wa matasa miliyan uku fasahar zamani, na ga yaranmu da dama a Yauri da Wara da Shanga sun duƙufa koyon rubuta manhaja, wasu ma a wayar hannu suke yi. Madalla. Sai dai mu ma'aikata ne za mu karɓi abin da suka rubuta mu lissafa haƙƙin mutane da shi. Shi ya sa yau maganata a kan alama ɗaya ce tak, alamar tarawa, wato +.

A yaren JavaScript, wanda kusan kowane shafin intanet ke amfani da shi, 5 + 3 takwas ne. Amma idan biyar ɗin ta shigo a matsayin rubutu, "5", kamar yadda abin da ka buga a akwatin fom yake shigowa, amsar sai ta zama 53. Manna su yake yi. Idan kuma ka ce ya ɗebe uku daga wannan "5" ɗin, sai ya ba ka 2, ya koma lissafi ba tare da ya ce maka uffan ba. Brendan Eich ne ya rubuta yaren a 1995 cikin kwana goma, kuma har yau ana fama da gadon wannan gaggawar. Python kuwa, ka ba shi "5" + 3, tsayawa yake cak ya ce bai san yadda ake tara rubutu da lamba ba.

Dalili shi ne a irin waɗannan yarukan ba a faɗa wa kwamfuta tun farko wane irin abu ne zai zo. Sai aiki ya kankama take gani, a nan take yanke hukunci. Ga alama ɗaya an ɗora mata ayyuka da yawa: ta tara lamba, ta manna rubutu, ta ƙara kwanaki a kan kwanan wata.

Duk ɗan kasuwar Yauri ya san wannan ba tare da ya taɓa kwamfuta ba. Buhun shinkafa uku da buhu biyar, takwas ne. Buhu uku da tiya biyar ba takwas ba ne, sai an mayar da buhun tiya, an kuma san tiya nawa buhun yake ci. Ka ce masa ya tara buhun albasa uku da kwalin busasshen kifi biyar, kallonka zai yi ya ce "Malam, lafiya?" Wato sai ya dubi abin da ke hagu da abin da ke dama kafin ya san wane irin tari zai yi, ko kuma ya ƙi.

Python yana yin haka ne irin na fayil a ofis. Yakan tambayi abin da ke hagu ko ya san yadda zai haɗu da na dama. In ya ce bai sani ba, sai a miƙa wa na dama. In shi ma ya ce ba huruminsa ba ne, sai a dawo da fayil da jan biro. Yaren Julia, wanda wasu mutum huɗu suka fitar a 2012, ciki har da Farfesa Alan Edelman na jami'ar MIT ta Amurka, ya bi wata hanya: yana duban ɓangarorin duka a lokaci ɗaya, sannan ya zaɓi aikin da ya dace da haɗuwarsu. Alamar + kaɗai tana da fassara fiye da ɗari a cikinsa. Kamar gaisuwa ce. Yadda talaka zai gaida hakimi daban, yadda hakimin zai gaida Sarkin Yauri daban, ba za ka san irin gaisuwar ba sai ka san mai yi da wanda ake yi wa.

To ina ruwan ma'aikaci? Excel da muke aikin albashi da shi yana da wannan ciwon. Idan ka sa SUM ya tara layi, duk adadin da aka shigar a matsayin rubutu tsallake shi yake yi shiru. Idan kuma ka tara gidaje biyu da alamar +, sai ya karɓi rubutun a matsayin lamba. Na taɓa ganin jadawalin bashin ƙarin girma a wani ofis da jimillarsa ta gaza, don an kwafo wasu adadi daga wata takarda sun shigo a rubuce. Aka nemi kuɗi bisa gajeriyar jimilla, da aka zo biya kuɗin bai kai ba, waɗanda sunansu ke ƙasan jerin suka jira wata zuwa wata. Cikinsu har da mai shara da masinja. Ba wanda ya ci ko kwabo, amma wallahi an zagi mutane da sunan ɓarayi.

Haka lambar asusun banki mai lamba goma. In ta fara da sifili, Excel ya ɗauke ta adadi, ya share sifilin, ta koma tara, banki ya dawo da kuɗin. Lambar waya ma haka, 0803 ta koma 803. Kada ku ce jahilcinmu ne: a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna sai da ya canza sunaye irin su MARCH1 da SEPT1, domin Excel yana ta mayar da su kwanan wata a takardun masana.

Ra'ayina, a harkar kuɗin mutane da ranar ritayarsu, manhajar da ke tsayawa ta yi gardama ta fi wadda ke cankar abin da kake nufi. Shekara 35 a kan ranar kama aiki lissafi ne mai ma'ana. Ranar haihuwa a kan ranar kama aiki shirme ne, kuma Python yakan ƙi tarawa, Excel kuwa zai ba ka amsa.

Ga daraktocinmu, kafin a sa hannu a biya ɗan kwangilar manhaja, a zauna da shi a gwada: a buga 45,000 da waƙafi, a buga N45000, a bar wani gida babu komai, a sa asusu mai farawa da sifili, a rubuta 03/04/1991 a tambaye shi Maris ne ko Afrilu. Ku kuma 'yan 3MTT da ke nan shafin, wa zai nuna mana a ƙasa yadda ake sa fom ya ƙi karɓar asusun da bai cika lamba goma ba?