Harsashin Da Na Zaɓa

Mahaifina Bamaguje ne daga ƙasar Katsina. Tsinkar auduga ce ta kawo shi Jazira yana saurayi, bai kuwa sake komawa gida ba. An haife ni a wani ƙauye gabas da Sinja, a kan hanyar da ta nufi Dindir, a tsakiyar Hausawa waɗanda kakannin waɗansunsu suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Gidanmu kaɗai ne gidan Kirista mai jin Hausa a ƙauyen. Sauran 'yan ikilisiya mutanen Kudu ne da na Duwatsun Nuba, masu aikin ƙodago a gonakin dawa da riɗi. Na yi firamare a makarantar mishan, inda na koyi Turanci gwargwadon abin da zai ishi mutum ya karanta takardar magani. Wannan ɗan Turancin ne ya jawo abin da zan ba ku labarinsa.

Ƙasarmu tana maƙwabtaka da gandun namun daji na Dindir, wanda aka keɓe tun 1935. An hana farauta a cikinsa, amma gadu bai san iyaka ba. Idan dawa ta fara nuna yakan fito da sassafe ko da la'asar sakaliya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba kamar mai roƙon gafara, ya tone gyaɗa, ya karya karan dawa. Maƙwabtanmu Musulmi ba sa cin namansa, ba sa ma son taɓa shi. Saboda haka idan ɓarna ta yi yawa mu ake aika wa. Su gonarsu ta tsira, mu kuma tukunya ta samu. A kan wannan aka zauna shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa rubuta shi a takarda.

A cikin ikilisiya akwai wani dattijo mutumin Kudu, muna ce masa Baba. Yana da ƙaramar bindiga, da lasin daga hukuma. Irin wadda ake kira .22 ce, bakinta bai kai milimita 6 ba, tana ɗaukar harsashi goma. Idan ka harba, ƙarfin albarushin ne yake tura ƙarfen baya, ya tofar da kwanso, ya ɗora sabon harsashi, kai dai sai jan kunama. Da ita Baba yake kawo mana zabi da zomaye. Bai taɓa nufar gadu da ita ba. Don gadu yakan ari babbar bindigar kartush ta wani abokinsa, amma a shekarar da nake magana, damina biyu kafin a raba ƙasa a 2011, abokin ya riga ya tattara ya koma Malakal da bindigarsa.

Sai ga wani Alhaji manomi ya zo har ƙofar majami'a, ya tsaya daga waje ya yi sallama. Ya ce, “Malam, wani toron gadu ya gama da ni. Faddan biyu na gyaɗa ya tone. Ku taimake ni don Allah.” Na kai maganar wurin Baba. Ya yi shiru, ya ce bindigarsa ta tsuntsu ce. Amma da na matsa masa, sai ya shiga ɗaki ya fito da kwalayen harsashi uku da wani ɗansa ya kawo masa daga Hartum, ya ce, “Katikis, kai ne mai karatu. Duba mana wanda ya fi ƙarfi.”

Na duba. A kan kowane kwali an rubuta nauyin harsashin da wani ma'auni da ake kira giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ɗaya ne. Na fari giren 36, da ɗan rami a bakinsa. Na biyu giren 40, wato kamar giram biyu da rabi, dalma zalla. Na uku giren 60, dogo, kusan giram huɗu, kwansonsa gajere ƙwarai, dalmar ta fi kwanson tsawo. Na ɗora shi a tafin hannu, na ji nauyinsa, zuciyata ta kwanta. Na ce, “Baba, wannan ne. Sittin ya fi arba'in.” Lissafin da na yi ke nan duka. Ban ce mu gwada ba. Baba ya so ya harba ɗaya ko biyu a jikin itace, ni ne na hana shi, na ce harsashi yana da tsada, ƙarar kuma za ta kori naman. Gaskiyar magana ita ce, na ji daɗi an tambaye ni, ba na kuwa so a ga kamar ina shakka.

Da la'asar muka laɓe a bakin gonar. Gadun ya fito, ƙato ne, zai kai kilo 100, hauren sama sun lanƙwashe kamar lauje. Tsakaninmu da shi bai fi taki hamsin ba. Baba ya auna bayan kunne ya harba. Naman ya yi kururuwa ya juya. Na ce, “Sake, Baba, sake!” Ya yi ta ja, ni ina ta ingiza shi, har harsashi bakwai. Abin da irin wannan bindiga take koya wa mutum ke nan, tun da na biyu yana nan a shirye, sai ka daina ba na farkon girmansa. Gadun ya ɗaga wutsiya ya shige ciyawa yana ɗingishi. Muka bi jini kaɗan, duhu ya rufa, muka koma gida muna ce wa juna ai kafin safe ya mutu.

Bai mutu ba. Gadu yakan kwana a ramin dabgi, da baya kuma yake shiga, fuskarsa tana duban ƙofa, domin ya fito wa abokin gaba da haure. Kashegari da hantsi ɗan Alhaji, yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya kora awaki ta wajen. Lafiyayyen gadu da ya ji motsi da tuni ya gudu. Wannan kuwa ciwo ya hana shi gudu, sai ya jira har yaron ya zo bakin ramin. Hauren ƙasa su ne masu kaifi, gama kullum suna goguwa da na sama kamar wuƙa a kan dutsen washi. Ya tsarge masa ƙafa daga sha-raɓa zuwa bayan gwiwa. Da keken jaki aka fito da shi bakin hanya, aka samu mota zuwa asibiti a Sinja. Ya rayu, amma jijiya ta yanke.

Wani tsohon maharbi daga Mai Wurno ne ya zo ya ƙarasa naman da mashi da karnuka. Da muka feɗe shi muka tarar harsashi huɗu ne suka same shi. Ɗaya ya kwanta a gicciye cikin naman wuya, ko ƙashi bai kai ba. Biyu suna kafaɗa, ɗaya a ciki, wurin ya riga ya fara ɗoyi. Tsohon ya juya dalmar a hannunsa, ya ce a kawo kwali. Muka jingina kwalin sabulu a gindin aduwa, Baba ya koma taki hamsin ya harba uku. Ramukan ba su fito a zagaye ba. Dogaye ne, kamar ƙwayar shinkafa a kwance, kuma sun watsu fiye da faɗin faifai. Aka sa na giren 40, ramuka uku suka taru wuri ɗaya, tafin hannu ya rufe su. Tsohon ya dube ni ya ce, “Ɗana, takarda ta gaya maka nauyi. Ka tambayi bindigar ko za ta iya ɗauka?” Ban sami abin cewa ba.

Daga baya na yi ta bincike, domin abin ya hana ni barci. Ga abin da na koya. A cikin bututun bindiga akwai tsagi a murɗe kamar tufkar igiya. Su ne suke juya harsashi yayin da yake fita, juyin kuwa shi ne yake riƙe bakinsa a gaba. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana kaɗi ya san wannan, mazari yana tsaye muddin yana juyi da sauri, da ya rage sai ya fara layi. Bakin bindiga ba ya ƙaruwa, saboda haka ba yadda za a ƙara wa harsashi nauyi sai a ƙara masa tsawo, dogon harsashi kuwa yana bukatar juyi mai sauri fiye da gajere. Yawancin bindigogi irin ta Baba tsaginsu yana cika zagaye ɗaya a cikin inci 16, wajen santimita 40, an yi shi ne daidai da harsashi mai giren 40. Mai giren 60 yana son murɗi mai tsanani, kamar zagaye ɗaya a inci 9. Da bai samu ba, sai ya riƙa tuntsurawa a iska, ya isa wurin nama a kwance.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne batun ƙarfi. Tsawon harsashi da kwansonsa gaba ɗaya ƙayyadadde ne, in ya wuce ba zai shiga ma'ajiyar bindigar ba. Da dalma ta yi tsawo dole kwanso ya gajarce, albarushi ya ragu. Mai giren 40 yana iya yin mita 370 a daƙiƙa ɗaya, mai 60 kuwa wajen 290. Idan aka auna ƙarfin bugunsu sai a tarar kusan ɗaya ne, har mai sauƙin yakan ɗara kaɗan. Ashe abin da na saya da ƙafar yaron mutane ko ƙarin ƙarfi babu a cikinsa. Ba na cewa harsashi mai nauyi banza ne. Idan ya tafi a miƙe yakan nutse cikin nama fiye da mai sauƙi, dalilin da ya sa maharba suke sonsa ke nan. Amma sai bututun ya yarda da shi tukuna, hanyar sanin haka kuwa ɗaya ce, kwali da harbi uku.

Akwai kuma wata bindigar da bakinta kusan ɗaya ne da ta Baba, ana ce mata .223, amma kwansonta dogo ne, milimita 45, ƙarfin bugunta ya ninka na tamu wajen sau goma. Ita ma dokar nan tana binta. Bututu mai zagaye ɗaya a inci 12 yana riƙe giren 55 sosai, amma mai giren 77 sai bututu mai inci 8 ko 7. Har wa yau da yawa daga cikin masu nauyin an yi su ne domin gasar harbin takarda, ba domin nama ba. Na farauta shi ne mai bakin dalma a buɗe, wanda yake baje baki cikin jiki kamar naman kaza, ya kashe da wuri. Na soja kuwa, mai rigar ƙarfe har baki, sau da yawa yakan huda ya wuce ya bar dabba tana yawo da ciwo. Ko da wannan babbar ma, a Jamus doka ta hana a harbi aladen daji da ita. Sai bindigar da bakinta ya kai milimita 6.5. Da na karanta wannan sai na tuna da maganar Baba ta farko, cewa bindigarsa ta tsuntsu ce. Shi bai je makaranta ba.

Na je wurin Alhaji kwana uku bayan abin, na durƙusa na gaya masa ni ne na zaɓi harsashin, ni ne kuma na hana a gwada. Ya daɗe bai ɗaga kai ba. Sa'an nan ya ce, “Malam, ni na kira ku. Ƙaddara ta riga fata.” Ya yafe, amma ban ɗauki yafewar a matsayin cewa ban yi kome ba. Ikilisiya ta tara kuɗin magani, ni kuma na ɗauki watanni ina zuwa da yamma ina koya wa yaron lissafi, tun da ba ya iya tafiya makaranta. Baba ya tafi Kudu a 2011 da bindigarsa. Sauran kwalin mai giren 60 ya bar mini shi, na kai ofishin 'yan sandan kula da namun daji na miƙa.

Sa'ad da yaƙi ya iso Sinja a watan Yuni na 2024 duka ƙauyen muka watse, muka nufi Gadarif. Bayan da sojan gwamnati suka karɓe garin a watan Nuwamba muka fara komowa da kaɗan da kaɗan. Muka tarar gonaki sun zama daji, samari kuwa da yawa sun saba da riƙon bindiga. Wani daga cikinsu ya zo mini da harsashin soja a aljihu, yana tambaya ko zai yi don gadu, tun da an ce na san sha'anin. Na ce masa ba zai yi ba, na gaya masa dalili, na kuma aike shi wurin ɗan Alhaji ya ga ƙafar da idonsa. Ɗan Alhaji yanzu magidanci ne, 'ya'yansa uku, yana sayar da ruwa a keken jaki. Shi ne ma ya ɗauko mini kayana daga tasha ranar da na komo, ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce ƙafar ba ta damunsa sai lokacin ɗari.