Sapele, Garin Katako

'Yan'uwana mata, yau sai ku ɗaura ɗamara mu yi kudu, mu gano inda katakon gadajenmu da kujerunmu ya yi suna. Garin nan Sapele yana cikin Jihar Delta, a bakin kogin Ethiope, kusa da inda ya haɗu da kogin Jamieson suka zama kogin Benin. Ƙasa ce ta kurmi da yawan ruwan sama, itatuwanta kuwa in kika ɗaga kai don ki ga ƙarshensu sai kallabinki ya faɗi.

Abin da ya ɗaukaka garin shi ne kogin. Yana da zurfin da jiragen teku ke iya shigowa har bakin gari. A da, in an sare itace a kurmi, sai a ja gumagumai zuwa ruwa, a ɗaure su jeri jeri, a koro su har ma'aikata. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin African Timber and Plywood, wanda ke ƙarƙashin UAC, ya yi babbar ma'aikata a nan, dubban mutane suka sami abin yi. Daga nan aka riƙa lodin loko da obece da wani jan katako zuwa Ingila. Jan katakon nan har yau kafintocin Turai da Amurka Sapele suke ce masa, watau sunan gari ya bi itace.

To, me ya sa ake tsaga itace tukuna kafin a sa shi a jirgi? Gungume yana da ɓawo da ruwa da ɓangarorin da ba su da amfani, mai saye kuwa ba ya son biyan kuɗin dakon shara. Saboda haka injin zarto kan yanka shi falanki falanki, a jera da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bushe. Sa'an nan a ware mai kyau da mai aibi, a auna, a ɗaure. Har wa yau, in an tsaga a gida, ladan aikin a gida yake zama. Shi ya sa Nijeriya ta hana fitar da gungume a 1976, Gabon kuma ta bi sahu a 2010.

Amma fa kurmi ba rijiya ba ne. Itacen da aka kayar a yini guda ya yi shekaru masu yawa yana girma. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, cinikin Sapele ya ja da baya, ma'aikatar ma ta durƙushe. Mu ma a Arewa abin ya taɓa mu, don an yi ta saran madobiya a Taraba da Kogi ana kai wa ƙasar Sin, har dokar duniya ta CITES ta sa wa cinikinta takunkumi a 2017.

Don haka uwargida, in za ki yi wa 'yarki kayan ɗaki, tambayi kafinta wane itace ne, kuma ya bushe ko bai bushe ba, gama ɗanyen katako yakan lanƙwashe ya tsage. Ku kuma 'yan makaranta, kowace ta dasa maɗaci ɗaya a damina, ta kula da shi. Allah ya raya mana.